Gashin Bakin Janar a Farin Fili

Duk layinmu babu wanda bai san gashin bakin Janar ba. Kafin ka ga mutumin ka ga gashin, baƙi wuluk, ya miƙe dama da hagu, kowane gefe ya lanƙwasa sama kamar hannun keke. Ba soja ba ne, ko ƙofar bariki bai taɓa bi ba. Mai gyaran rediyo da talabijin ne, shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka bar masa saboda mun ga gashin ya cancanta. Gyaran nasa kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Ka kai masa rediyo mai shaƙaƙƙiyar murya, ka dawo ka tarar murya ta washe tas, amma sai ka kife shi yake magana.

Ni mai wanki da guga ne. Shagona na jikin na mai aski, bango ɗaya ya raba mu, shi ma bai kai rufi ba. Mai askin nan ƙanin matar Janar ne, mutum mai shiru-shiru da murmushin mugunta, kuma a shagonsa aka kafe talabijin da gem ɗin da ya hana layi guda aiki. Sunan gem ɗin na ainihi ba ya faɗuwa a bakin kowa, sai muka sa masa Kwamacala, don kwamacalar ce. An kwaso jarumai daga wasanni daban-daban, waɗanda ko a mafarki ba su san juna ba, an zuba su fili guda an ce su daku. Ga direban motar tsere, ga kuku da kaskonsa, ga 'yar sama jannati, ga wani ƙato mai guduma, ga ɗan kwaɗo da laima da aka ɗauko daga wasan yara. Kowane fili da kiɗansa da irin muguntarsa.

A kan wannan muke yini muna musu. Ni dai a wurina babu filin da ya kai Jirgin Ruwa. Jirgi na tangaɗi, ruwa na watso wa 'yan dambe, sarewa na tashi, ganga na amsa mata daga ƙasa. In kiɗan nan ya ratso ta saman bango, wallahi dutsen guga da kansa yake tafiya. Anti Tela, wadda shagonta ke kallon namu, ta ce ban san kiɗa ba, wai kiɗan filin Kicin ne kiɗa, inda ake kaɗa tukwane da cokula, don shi ke tafiya daidai da ƙafar kekenta. Baba mai shagunan kuwa Gada Mai Rushewa yake so. Ba ruwansa da kiɗa, shi dai ya ga gwani da ɗan koyo sun rufta tare, ya yi ta dariya har hularsa ta zame.

Janar ba ya ɗaukar kowa sai Ƙato Mai Guduma, wai kamarsu ɗaya. Mai aski kuma kullum Kwaɗo. Ranar da abin ya fara, Kwaɗo ya yi wa Ƙato dukan da ko ni da nake leƙe ta ƙofa sai da na ji tausayi. Ya kwaɗa masa laima a ka, ya shige ta tsakanin ƙafafunsa, ya tunkuɗa shi ruwa. Janar ya jefar da fad, abin nan mai maɓallai da ake riƙewa da hannu biyu, ya miƙe.

"Sarewar nan ce!" in ji shi. "Duk sanda na ɗaga guduma sai ta yi wani siririn kuka ta shige mini kunne. Masu ƙera gem ɗin nan bakinsu ɗaya da Kwaɗo."

Na ce, "Janar, ka zagi kowa amma ka bar mini sarewa."

"Jiya a Kicin aka doke ka," in ji Anti Tela daga ƙofarta, allura a baki. "Can ai babu sarewa."

"Cokula fa? Mutum na faɗa ana yi masa wanke-wanke a kunne?"

Baba ya ce, "A Gada fa, ɗana?"

"Baba, gadar nan ta gefena take fara tsagewa. Ku lura, kullum ta gefena."

Mai aski yana kaɗe gashi daga tawul, bai ko ɗago ba ya ce, "Mijin Yaya, ka yi haƙuri. Wataƙila yatsun ne suka tsufa."

Nan fa Janar ya kumbura. Ya kama gefen gashin bakinsa na dama ya murza, ya kama na hagu ya murza, alamar za a ji magana. Ya ce babu adalci a Kwamacala tun daga kiɗa har fili har jarumai, an rage wa guduma nauyi an ƙara wa laima tsawo. Ya ce in aka daidaita komai, aka bar hannu da hannu, babu mahalukin da zai tsaya gabansa a layin nan da na bayansa.

"To ka daidaita mana," in ji mai aski.

"Zan daidaita! Ranar hutu da yamma, a gaban jama'a. In na doke ka, ka rataye hotona a saman madubinka, kuma ka rabu da Kwaɗo har abada."

"Na yarda. In na doke ka fa?"

"Faɗi abin da kake so, yaro. Ba za ka samu ba ne."

Mai aski ya ɗago, ya ƙura wa gashin bakin ido irin kallon da ya daɗe yana yi masa a ɓoye. Ya buɗe askarsa ya rufe. Janar ya gane gashin ake nufi, amma baki ya riga ya yi nisa.

"Na sa shi!" ya ce. "Baba ne shaida."

Baba ya gyara hula ya ce ya shaida, kuma ko ciwo yake ranar a ɗauko shi a kujera.

Washegari Janar ya iso da jakar kayan aiki ya ce da kiɗa zai fara. Wai ba duka zai kashe ba, sarewar kaɗai zai cire ya bar ganga, domin a cikin talabijin kowace murya da wayarta. Mai aski ya ce a yi da rimot mana a rage sauti. Janar ya ce rimot na 'yan koyo ne. Ya kwance bayan talabijin, ya zura kai, muna jin numfashinsa. Ya tsinke wata jar waya. Sarewa ta ci gaba da tashi, amma jirgi ya koma ƙasa, ruwa ya koma sama, 'yan dambe suna reto kamar jemagu.

"Kun ga?" ya ce. "Na gano inda suka ɓoye muguntar."

Ya mayar da ja ya tsinke kore. Hoto ya miƙe, kiɗa ya zama ƙugi irin na tsohon firji. Ya taɓa wani wuri da sukundireba, sai ga tartsatsi, sai warin ƙonewa, sai wani mutum da ake yi wa aski ya zabura da rabin kai ya yi waje da tawul a wuya. Da hayaƙi ya lafa, talabijin na nuna hoto lafiya lau, amma ko tari ba ya yi. Sarewa ta tafi, ganga ta bi ta, cokulan Anti Tela ma sun tafi.

Janar ya fito da kansa, ya shafa gashin bakinsa ya tabbatar bai babbake ba, ya ce, "Da ma shirun nake nema."

Ranar ban yi masa magana ba. Na koma shago na yi guga cikin shiru, raina a ɓace, har na ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta. Anti Tela ta leƙo ta ce duk da ba ta son sarewata, ta yi mini ta'aziyya, ni ma na yi mata ta cokula.

Daga kiɗa ya koma kan fili. Jirgi na tangaɗi, an soke shi. Gada na rushewa, an soke ta. Kicin akwai murfin tukunya da ke faɗowa mutum a ka, an soke. Ya zaɓi Farin Fili, inda 'yan koyo ke atisaye, wuri fetal babu bishiya babu kujera. Baba ya ce wannan ai ɗakin jiran likita ne. Janar ya ce adalci ba ya buƙatar ado.

Bai tsaya nan ba. Ya ce daɓen shagon mai aski ma ya karkata, jini na taruwa masa a ƙafa ɗaya, don haka a fito da talabijin baranda. Aka fito da shi. Ya kwantar da kwalbar ruwa a ƙasa, ta gangara, ya ce ga shaida, nan ma ya karkata. Ya shiga shagonsa ya kwaso rediyoyin mutane da suka daɗe suna jiran gyara, ya tottokare ƙafafun kujerarsa da su. Yana cikin gwada zama sai ga wani direban tasi ya taka birki.

"Malam, wancan na ƙarƙashin ƙafar baya ba rediyona ba ne?"

"Shi ne. Gwaji nake yi masa."

"Gwajin me?"

"Na ga ko yana ɗaukar nauyi. Rediyon da ba ya ɗaukar nauyi ba ya ɗaukar tasha."

Direba bai tsaya jin sauran bayani ba, ya fizge rediyonsa. Kujera ta yi baya da Janar, ƙafafu a sama, hannayensa biyu a kan gashin baki. Kansa ya bugu da ƙofar mai aski amma bai kare kan ba, gashin ya kare.

Saura jarumai. Janar ya yanke hukunci cewa tunda laima ta fi guduma tsawo, kowa ya ɗauki Ƙato. Ƙato da Ƙato, guduma da guduma. To in mutum biyu suka ɗauki jarumi ɗaya, gem ɗin yakan sa wa ɗaya jar riga, ɗaya shuɗiya, don a bambance. Janar ya ce a gwada. Anti Tela ta ajiye kalmasa ta karɓi fad, ita da ba ta taɓa gem sai in ɗinki ya yanke mata. Janar ya ɗauki ja, ta doke shi.

"Shuɗin ya fi sauƙin jiki," ya ce. "Ja rini ne mai nauyi."

Suka sauya. Ta sake doke shi, ta fi na farko ma.

"Na gane! Ja ya fi zafin naushi. Kowanne da irin cutarsa."

"Janar," in ji Anti Tela, "ni fa maɓalli ɗaya nake dannawa."

"To ki daina, cuta ce."

A nan ya yarda da rimot. Ya shiga cikin saitin talabijin ya zuge kala har ƙasa. Ja ya tafi, shuɗi ya tafi, aka bar ƙattai biyu masu ruwan toka a farin fili, ko uwarsu ba za ta raba su ba. Sannan ya dubi saman allo, inda layin jinin kowa yake raguwa in an doke shi, nasa a hagu na abokin faɗa a dama. Ya ce wannan layin ke tsinka wa mutum zuciya, kana faɗa ana nuna maka kana mutuwa. Ya karɓi ƙyallen yadi a wurin Anti Tela ya liƙe saman allon kaf. Ya ƙara da cewa zagaye ɗaya tak za a yi, namiji ba ya maimaita magana.

Mai aski duk abin da aka ce sai ya ce to. Na ja shi gefe na ce, "Kai ba ka da ra'ayi ne?" Ya ce ra'ayinsa na cikin aljihu, ya taɓa inda askar take.

Ana gobe karawa matar Janar ta kawo masa abinci shago. Mace ce mai haƙuri, amma bakinta irin na ƙaninta ne. Ina jin su ta taga.

"Baban yara, ka janye maganar nan."

"In janye? Kin taɓa jin janar ya janye?"

"Na san yaron nan, ni na goye shi. Tun yana ƙarami in ya yi shiru to ya gama shirya mugunta."

"Hotona za ki je ki zaɓo, wanda na fi kyau."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ni ba son gashin nan nake ba, kai ma ka sani. Ya sha mini man kitso, ya sha mini miya, madubin ɗakina ya fi sanin fuskarka fiye da tawa. Amma tsakani da Allah, duk abin da ka taɓa gyarawa a duniya shi kaɗai ne ya gyaru. In ya tafi me za mu nuna wa mutane?"

Na ɗauka maganar ta shige shi. Can sai na ji ya ce ta kawo hoton da ya sa baƙin tabarau.

Ranar hutu tun kafin rana ta yi sanyi baranda ta cika. Masu shaguna, masu wucewa, direban tasi da rediyonsa a hammata, har mutumin nan mai rabin aski ya dawo. An ajiye wa Baba kujera a gaba. Janar ya iso cikin farar riga da ni na goge, gashin baki ya sha mai yana ƙyalli, ya aro lasifikar mai tallar maganin ɓera ya rataya a wuya. Ga hotonsa cikin firam matarsa na riƙe da shi kamar an ba ta ajiyar abin da ba ta so.

"Jama'a!" ya faɗa a lasifika, har tsuntsaye suka tashi daga wayar wuta. "Yau babu sarewa, babu cokali, babu jirgi, babu kala. Yau hannu ne zai yi magana!"

Wani daga baya ya ce, "Talabijin ɗin ya lalace ne?"

"Adalci ne, jahili!"

Suka zauna. Ƙaton Janar na hagu, na mai aski na dama. Baba ya ɗaga hula ya sauke, aka fara. Janar yana da wata al'ada, in za a fara sai ya rufe ido ya danne duk maɓallan da yatsunsa suka samu, wai buɗe fage. Ya rufe ido ya danna. A daidai lokacin mai aski ya yi tsalle da nasa ƙaton ya tsallake kan na Janar ya dira a hagu. Janar ya buɗe ido, ya ga ƙaton hagu ya ɗaga guduma ya sauke wa na dama a tsakar ka.

"Ɗaya!" ya yi ihu. "Kun gani? Ido a rufe ma!"

Jama'a suka ɗauki sowa, don su ma ba su san wane ne wane ba. Ni ma da farko na ɗauka abin al'ajabi ya faru. Ƙaton hagu na shiga yana fita, ya yi shara da ƙafa, ya ɗaga na dama sama, ya tare shi da guduma kafin ya sauko. Na dama kuwa ya juya wa abokin faɗansa baya yana ta naushin iska, wani lokaci ya durƙusa ba dalili, wani lokaci ya yi tsalle a inda yake. Na dubi wannan naushin iskar na ce a raina, na san wannan salon. Na dubi yatsun mai aski, suna tafiya a hankali daidai da gudumar hagu. Na dubi na Janar, suna ta dambe da fad kamar mai kashe kiyashi. Na toshe bakina da hannu.

Mai aski ya gane tun kafin ni. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ce da muryar tausayi, "Wayyo, Mijin Yaya, a hankali mana. Ni fa ƙaninka ne."

"Babu ƙani a fagen fama! Karɓi wannan!"

Fad ɗin kuwa an yi shi ne in an doki jaruminka ya yi kakkarwa a hannunka. Na Janar bai huta ba, sai zirr, zirr, kamar waya a aljihu. Ya ɗaga shi sama ya kara a lasifika.

"Kuna jin yadda yake rawa? Ƙarfin naushina ne yake dawowa ta waya! Yaro, naka na rawa?"

"Ko motsi ba ya yi," in ji mai aski.

"To ka gani!"

Anti Tela ta gane, ta cusa fuska a mayafi. Baba ya gane, hula ta riga ta faɗi, hawaye na bin gemunsa. Magana ta fara zagayawa daga kunne zuwa kunne, duk wanda ta isa gare shi sai ya dafe ciki. Janar ya ji dariya ta cika wuri, ya ɗauka da mai aski ake. Ya fara yi wa kansa kirari, ya nuna ƙaton dama yana cewa a dubi sakarai, a dubi mai naushin iska, wannan ko a wasan yara ba za a ɗauke shi ba, wanda ya koya masa gem ya cuce shi. Matarsa ta ce, "Baban yara," a hankali. Ya ce ta shirya hoto.

Daɗi ya kai masa ko'ina. Ya miƙe tsaye, ya ajiye fad a kan kujera, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya kama gashin bakinsa da hannu biyu yana murzawa. A bayansa ƙaton hagu bai fasa ba, sai ɗaga guduma yake yana saukewa.

Direban tasi ya ce, "Janar, ka ajiye fad amma mutuminka na ta duka."

Janar ya waiga ya gani. Sai ya ɗaga lasifika. "Horo ke nan! Ya haddace! Ko ba na nan ya san abin da nake so!"

"To wancan na dama fa," in ji Anti Tela, da ƙyar take magana, "me ya sa tun da ka ajiye ya daina naushin iska ya tsaya ƙiƙam?"

Janar ya dubi ƙaton dama, yana tsaye hannu a sake kamar mai jiran mota. Ya dubi fad ɗinsa a kan kujera, yana ta kakkarwa shi kaɗai har yana matsawa bakin kujera. Ya miƙa yatsa ɗaya a hankali ya danna maɓalli. Ƙaton dama ya yi ɗan tsalle. Ya sake dannawa. Ya sake ɗan tsalle. Guduma ta same shi a sama, ya faɗi warwas, bai ƙara tashi ba.

Baba ya rarrafa ya ɓare ƙyallen yadin daga saman allo. Layin jinin mai aski cike yake taf, ko ƙwarzane babu. Na Janar babu ko ɗigo.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarin jiki ne. Mutumin nan mai rabin aski ya kwanta a ƙasa. Janar ya manta lasifika na kunne, ya ce a hankali, "An sauya mini ƙato," layi guda ya ji. Ya ce a sake, Baba ya tuna masa namiji ba ya maimaita magana. Ya ce rashin kala ne, aka ce wa ya zuge ta. Ya ce shirun ne ya ruɗa shi, da akwai kiɗa da ya gane nasa. A nan na kasa haƙuri na ce, "Sarewar da ka kashe mini ce ta kama ka!"

Mai aski ya fito da kujerar aski baranda, ya kaɗe ta, ya ce, "Bismillah, Mijin Yaya." Janar ya dubi hanya, jama'a sun toshe. Ya zauna. Aka ɗaura masa tawul, aka shafa kumfa. Wallahi da na ga idonsa ya kawo ruwa sai da na ji wani iri, don mutumin nan ya fi son gashin nan da shagonsa. Aska ta bi gefen hagu sau ɗaya, hannun keke guda ya faɗo kan tawul. Mai aski ya goge askar, ya ninke ta, ya mayar aljihu.

"Shi ke nan, tashi. Zagaye ɗaya muka yi, gefe ɗaya ya ishe ni. Na yafe maka ɗayan saboda Yaya."

Ya miƙa masa madubi. Janar ya duba. Gefen dama na nan a murɗe yana nuna sama da izza, gefen hagu fetal kamar Farin Fili. Fuskar ta karkata, har kansa ya fara bin gefen mai nauyi. Baba ya ce a riƙe shi kada ya kife.

"Ƙanina," in ji Janar, murya ƙasa-ƙasa. Tunda muke ban taɓa jin ya kira shi haka ba. "Ba zan iya shiga layi a haka ba."

"Me kake so a yi?"

"Ka sani."

"Ban sani ba. Ga lasifika nan a wuyanka."

Janar ya rufe ido kamar zai buɗe fage, ya ɗaga lasifikar mai maganin ɓera, ya ce, "A daidaita."

Aska ta bi gefen dama. Aka goge kumfa, aka cire tawul. Ga wani mutum zaune a kujera, ɗan siririn baki, kamar ɗalibin da aka koro daga aji. Hannayensa suka tashi da kansu za su murza, suka kama iska, suka koma cinya. Matarsa ta matso, ta dubi hoton da ke hannunta, ta dube shi, ta sake duban hoton. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa wa ƙaninta firam ɗin ta ce ya rataye a saman madubi duk da haka, don yara su san ubansu ya taɓa yin gashin baki.

Ta kama hannun mijinta ta tashe shi, ta kaɗe masa kafaɗa, ta ce, "Taso mu je gida, Baban yara. Ashe duk shekarun nan kana da leɓe."